Battar Baba Tanko

Tun da muka dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A gareji tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, a wajen mai shayi ma ba a barin mutum ya kurɓi abin da ya saya. "Haruna, yaya ƙasar waje?" Wai ƙasar waje, sai ka ce wanda ya je Makka a ƙasa. Wasu tsokana ce, na sani, don sun san ni da saurin hawa. Wasu kuwa da gaske suke, suna so su ji yadda jikin Baba ya yi. Na gaji da cewa lafiya lau alhali ba lafiyar ba ce, don haka ga labarin gaba ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, a bar ni in yi aikina.

Ga wanda bai san mu ba, ni gyaran babur nake yi a Kazaure, amma gidanmu a Roni yake. Mahaifina, Malam Idi, ya yi ƙuruciyarsa da rabin tsufansa yana fataucin dabbobi tsakanin karar Babura, wato kasuwar dabbobinta, da kasuwannin Nijar. Abu biyu aka san shi da su, sanin rago da taba. Ba sigari ba, garin taba mai kanwa, irin wanda ake tsakura a sa a bayan leɓe. Innarmu ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta yi fushi, liman ya yi gugar zana a wa'azi har ya gaji. Baba sai ya yi dariya ya ce sabo turken wawa ne, kuma shi ya yarda shi ne wawan.

Rana ɗaya, wasu shekaru da suka wuce, sai ya daina. Haka kawai. Duk wanda ya zauna da mashayin taba ya san ranar da ta yanke masa ba a zaman lafiya a gidan, amma Baba ko ciwon kai bai yi ba. Da Inna ta tambaye shi sai ya ce ta daina yi masa daɗi ne, ji yake kamar ya zuba ƙasa a baki. Kai, ku zo ku ga murna! Inna ta toya waina ta raba sadaka. Yaya Binta ta taso tun daga Gwiwa, inda take aure, da zakara a hannu. Liman ya riƙa ba da misali da shi. Mu duka mun ɗauka shiriya ce ta zo wa tsoho a kan gaɓa.

Bayan nan ne hannunsa na dama ya fara rawa. Sai tafiyarsa ta koma jan ƙafa. Sai ya fara ɓata a hanyar masallacin da ya yi shekara da shekaru yana bi. Sunayen jikoki suka tafi, na 'ya'ya suka bi baya. Ni da ya yi wa huɗuba da bakinsa, ya koma kirana Malam, yana yi mini godiya in na ba shi ruwa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an sha sassaƙe, daga ƙarshe na ɗauke shi zuwa wani babban asibiti a Kano.

Likitar mace ce, 'yar Filato, Hausarta ta fi tawa daɗi. Ta yi tambayoyi da yawa, cikinsu har da ko yana shan taba. Na gyara zama na ba ta labarin shiriyar Baba da alfahari. Ba ta taya ni murna ba. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa, a jikin jijiyoyi, akwai wasu ƙananan wurare da ido ba ya gani, aikinsu karɓar saƙo. Jiki yana da sinadarinsa na kansa da yake kai saƙon daga wannan jijiya zuwa waccan, kuma da irin wannan kai-kawon ne mutum yake riƙe abu a ka, ya mai da hankali. Nikotin, abin da ke cikin taba, shi ma a waɗannan wuraren yake sauka, har da sunansa ake kiransu. Ciwo irin na Baba kuwa rage su yake yi a hankali. Ta ce ba za ta rantse ba, amma yana yiwuwa ranar da taba ta daina yi masa daɗi ciwon ya riga ya daɗe da fara aikinsa.

Ni ɗan bafatake ne, sai na fahimci abin ta hanyar da na sani. Na ce wato kamar fatoma, mai gidan da fatake suke sauka. In fatomomin gari suka mutu, baƙo zai zo ya rasa masauki. Ta ce kusan haka ne. Nan take na ce to a koma ba shi tabar mana. Ta girgiza kai ta ce a'a, taba ba magani ba ce, illa za ta ƙara masa, kuma tunda da fatoma na fara, in duba in gani: yawan baƙi ba ya ta da mai masaukin da ya mutu. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce za su taimaki abin da ya rage, ba za su dawo da abin da ya tafi ba. Da za mu fita ta ƙara da cewa in akwai wanda yake so ya gani, kada mu jinkirta. Na tuna wainar Inna, raina ya yi baƙi ƙirin.

Akwai kuwa wanda yake so ya gani. Suna ɗaya ne ya rage a bakinsa, Tanko. Baba Tanko taubashinsa ne, ɗan kawunsa, yana zaune a wani ƙauye bayan Magarya. Kun san wasan taubasai, amma nasu ya wuce misali. Tun suna samari ba su taɓa gaisawa da mutunci ba, kowa yana cewa ɗayan bawansa ne. Kuma akwai wata battar taba ta fata, ta kakansu, da kowannensu yake cewa shi ya gada. Ƙa'idarsu ita ce duk wanda ya kai ziyara sai ya sace ta, mai gida ya biyo shi har bakin mota yana kiran ɓarawo. Haka battar nan ta yi ta tsallaka iyaka tun kafin a haife ni. Zuwan Baba Tanko na ƙarshe Roni ya tafi da ita, daga nan gwiwoyinsa suka hana shi tafiya, Baba kuma ya kwanta. Kullum da yamma, ko bai san wanda ke gabansa ba, sai Baba ya ce, "Tanko ya dawo da battata?"

Mun gwada waya. Baba ya saurara kaɗan ya miƙo mini, ya ce a rage rediyon. Sai na ce zan kai shi. Yaya Binta ta ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, tsoho mai rawar hannu ina shi ina doguwar hanya. Muka yi ta sama-sama ni da ita, na faɗi maganganun da ba a faɗa wa yaya. Inna ce ta raba, ta ce a kai shi, in ya ga Tanko ya zage shi ko sau ɗaya ne, ita ta samu abin da take so. Ni ma abin da nake so ke nan. Ba warkewa na je nema ba, so nake in ga ubana ya gane mutum.

Da kaka muka tashi, ana tuge gyaɗa. Daga Roni zuwa Kazaure a babur ɗina na goyo shi, na ɗaure mu da rawani a ƙugu don kada ya zame. A tashar Kazaure muka samu bas ta Babura, irin wadda ƙofarta da igiya ake riƙe ta. Kwandasta ya so ya cusa Baba can baya tsakanin buhunan masara, ni kuwa har na fara naɗe hannun riga. Wata mata ce ta kashe wutar, malamar makaranta 'yar kudancin Kaduna da ke koyarwa a Babura. Ta sauko daga gidan gaba ta ce a ba Baba. Ta ce kallo ɗaya ta yi masa ta gane, haka mahaifiyarta ta yi kafin ta rasu. Na ji kunyar hayaniyata, na yi mata godiya.

A hanya Baba ya ɗauka garke muke kora. Duk inda direba ya taka mota sai ya dafa shi ya ce a sassauta, akwai maruƙa a baya, za su gaji. Fasinjoji suka yi ta dariya. Direban dai ɗan albarka ne, ya riƙa cewa to Baba, an sassauta, yana kuma ci gaba da gudunsa. Ni ban yi dariya ba, don da wannan muryar yake yi mana magana muna yara in mun bi shi kasuwa.

A Babura muka sauka a gidan tsohon fatomansa. Fatoman ya daɗe da rasuwa, ɗansa Alhaji Musa ne a gidan yanzu, kuma ya riƙe zumunci, Allah ya saka masa. Ya durƙusa har ƙasa ya gai da Baba, yana tuna masa yadda yake kawo musu cuku da dabino daga Nijar. Baba ya amsa da fara'a, irin fara'ar da ake yi wa baƙon da ba a sani ba. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Hannun Baba ya ƙi kai loma baki, miya ta zuba a gaban riga. Na matsa zan ba shi, ya kau da kai don akwai mutane. Alhaji Musa ya gane, ya ce shi fa ya tuna ana nemansa a waje, ya kwashe kowa suka fita. Sannan Baba ya buɗe baki. Ɗakin baƙin nan, inda aka ce da can fatake har kan juna suke kwana, yanzu buhunan taki ne a ciki da wata tsohuwar katifa.

Da safe na fita alwala na dawo ban gan shi ba. Wayyo, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ranar kasuwa ce, gari ya cika, na yi ta kutsawa ina tambaya kamar mahaukaci. Alhaji Musa ya ce in daina wahalar da kaina, mu nufi kara. Can kuwa muka same shi, ba takalmi, ya kama wani rago ya buɗe bakinsa yana duba haƙora, ya shafa gadon bayansa, ya ɗaga jela. Hannun da ya kasa riƙe loma bai yi rawa a jikin ragon ba. Sai ya taya, da kuɗin zamanin da ina goye. Dillalai suka fashe da dariya, wani ya ce tsoho ko kaza ba za ta samu ba. Na yi kansa, Alhaji Musa ya riƙe ni. Baba ya tsaya yana kallon mutane, bai san abin da ya faɗa ba, ya dai san da shi ake. Na kama hannunsa muka fita.

Na so in juya gida daga nan, wallahi na so. Amma da muka zauna ya sha koko, sai ya dube ni ya ce Malam, Tanko ya dawo da battata? Na ce yanzu za mu je mu karɓo.

Daga Babura zuwa bakin iyaka ba nisa. Na canji 'yan sefa a hannun masu canji da ke zaune a inuwa, muka shiga layi. A ɓangarenmu ba a tsayar da mu ba. A ɓangarensu wani jandarma ya karɓi katinmu, ya dubi Baba ya tambaye shi sunansa. Baba ya juyo ya kalle ni. Na ba da amsa, jandarman ya ce ba ni ya tambaya ba. Na ji jinina ya hau, na fara cewa ai kowa yana da uba. Bai kula ni ba, ya sake tambayar Baba a hankali ina za shi. Baba ya ce wajen ɓarawo. Mutumin ya ɗaga gira. Na zaro takardar asibiti na yi bayani cikin haushi. Ya duba, ya mayar mini, ya ce in yi haƙuri, aikinsa ne ya tabbatar ba a tafiya da tsoho ba da saninsa ba. Ya sa aka kawo wa Baba kujera da ruwa kafin mota ta cika. Ni da na zo da shirin faɗa sai na rasa inda zan sa kaina.

Mutanen can Hausa ɗaya muke yi, amma sai ka kasa kunne. Ɗan acaɓa kabu-kabu suke ce masa, darbejiya kuma bedi, kuma suna jefa Faransanci a magana yadda muke jefa Turanci. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa yana yanka dasashi. Baba ya karɓa ya riƙe a hannu yana dogarawa da shi a kan gwiwa, bai san abinci ba ne. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, shayinsu kuma ba a gaggawa da shi, ƙaramin kofi ne ana zagayawa har sai ganyen ya mutu. Fura kuwa, a nan na sallama musu, nonon ya fi geron yawa. A Magarya na saya wa Baba ita, ita kaɗai ya sha da kansa. Mai furar ta tambayi abin da ke damunsa, na gaya mata, ta ce ai tsufa ne, wata a gefenta ta ce iska ce. A wannan kam ba mu da bambanci, haka aka yi ta ce mana a Roni.

Daga Magarya babu mota zuwa ƙauyen sai ranar kasuwa, yashi kuma ya fi ƙarfin in goya shi a kabu-kabu. Amalanken shanu muka samu. Muna tafe ina yi masa bita kamar ɗan makaranta: Baba, wajen Tanko za mu, Tanko taubashinka, mai battarka. Yana cewa to, to. Da muka hango rumbunan garin sai ya miƙe zaune ya ce akwai rijiya bayan tsamiyar can. Da muka matsa sai ga rijiya. Na ce alhamdu lillahi, hanya ta buɗe.

An riga an kai wa Baba Tanko saƙo. Muka same shi a ƙarƙashin bedi a ƙofar gidansa, ya sha babbar riga kamar ranar Salla, tsofaffin gari sun kewaye shi, mata suna leƙe ta kan danga. Kowa ya san wasan, kowa ya zo kallo. Ƙaramin tsoho ne mai jan haƙora, ƙafafunsa a miƙe don ba sa lanƙwasuwa. Tun kafin in sauko da Baba ya ɗaga murya.

"Wa ya kwance bawan nan? Ku riƙe akuyoyinku, ɓarawon Roni ya shigo gari!"

Aka yi dariya. Na saki hannun Baba na ja baya, ina jiran zagin da na taso tun daga Roni don in ji. Baba ya ja ƙafa har bakin tabarma, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa da ƙyar.

"Ranka ya daɗe, barka da hutawa. Mun same ku lafiya?"

Baba Tanko ya ƙyalƙyale har da dukan cinya, ya ɗauka sabon salon iya shege ne. Ya ce yau bawa ya san ubangidansa, ya miƙa sanda ya ture hular Baba ta faɗi. Baba ya lallaɓa ya ɗauka, ya kaɗe, ya riƙe a hannu bai mayar ba.

"In wani laifi na yi, a yi mini haƙuri. Ni baƙo ne."

Dariyar ta mutu a wurin. Na ga fuskar Baba Tanko ta sauya. Mutumin da ya shekara fiye da sittin yana shan zagi daga bakin nan, yau an ba shi girma, kuma ban taɓa ganin abin da ya yi wa mutum ciwo kamar girman nan ba. Tsofaffin suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na zagaya bayan rumbu na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yaro.

Da na dawo na tarar an zaunar da Baba kusa da shi, an kawo ruwa. Baba ya saki jiki kaɗan, yana yi wa mai masaukinsa hira. Sai na ji ya ce yana da wani taubashi a ƙasar nan, Tanko, ko ranka ya daɗe ya san shi?

"Na san shi," in ji Baba Tanko. "Mutumin banza ne."

Baba ya yi dariya. Dariya sosai, har da tari, irin wadda muka manta da ita a gidanmu. Ya ce wallahi ka san shi! Daga nan har la'asar Baba Tanko zagin kansa yake yi. Ya ce Tanko matsoraci ne, ya taɓa gudu ya bar shanu saboda kukan jaki. Ya ce Tanko marowaci ne, Tanko bawan Idi ne tun kaka da kakanni. Abin da bai taɓa yarda da shi ba a rayuwarsa, ranar ya faɗa da bakinsa. Baba yana ta ƙarawa da nasa, yana share hawayen dariya. Shi ma Baba Tanko yana share nasa.

Can ya zaro battar daga aljihu. Na santa tun ina yaro, baƙa ce don tsufa, da ɗan zanen ja a murfi. Ya buɗe ya miƙa. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya kai hanci, ya mayar ya ce an gode, shi ba ya sha. Baba Tanko ya ajiye ta a tabarma dab da gwiwar Baba, ya ce a miƙo masa buta zai yi alwala. Alwalar da ya daɗe yana yi ke nan, ya juya mana baya, ina ganinsa yana satar kallo ta ƙarƙashin hannu. Baba bai ko dubi inda take ba.

Bayan salla Baba Tanko ya tambaye ni abin da likita ta ce. Na ba shi bayanin fatoma yadda na iya, na gaya masa har da tabar da muka yi wa sadakar waina. Ya jinjina kai. Ya ce da ya ji labarin Idi ya bar taba ya yi mamaki, don ya san ko da bulala ba zai bari ba, har ya aika masa da tsiya cewa tsoron liman ne ya kama shi. Sai ya ce, "Ashe ni ma nawa fatoman ya mutu, ba ni da sauran masauki a wajen Idi." Matarsa ta kawo tuwon gero da miyar yakuwa, ya ce a kai mana ɗaki, shi ya ƙoshi.

Ban so mu daɗe ba, don Baba ya fara neman hanyar gida, yana tambayar ina aka kai takalmansa alhali suna ƙafarsa. Da safe mai amalanke ya zo. Baba Tanko ya sa aka ɗaga shi tsaye, abin da aka ce ya daɗe bai yi ba. Ya matso ya ce bari ya gyara wa baƙo wuyan riga. Ina kallo ya zura battar a aljihun Baba. Ya dube ni, na kau da kai.

Da shanu suka fara tafiya sai muka ji muryarsa a bayanmu, a dishe, tana karyewa.

"Ɓarawo! Ku tare ɓarawo!"

Yana dogara sanda yana jan ƙafa, taku kaɗan ya yi aka riƙe shi. Wata tsohuwa a bakin danga ta fara guɗa kamar yadda aka saba, ta katse a tsakiya. Baba ya firgita ya kama hannuna, ya ce Malam, sata aka yi? Na ce e. Ya ce Allah ya tona asirin wanda ya yi, mutumin kirki kamar wannan.

Dawowa ba ta da labari. Iyaka, Babura, Kazaure, duk barci ya yi ta yi a kafaɗata. Da muka shiga gida Inna ta dube ni kawai, na girgiza kai, ta koma ɗaki. Yaya Binta tana nan, ta zo jiranmu. Na shirya wa gorinta, amma sai kawai ta karɓi jakar ta kawo mini ruwa.

Washegari da hantsi ina shirin komawa Kazaure sai Baba ya kira ni. Yana zaune a zaure da battar a tafin hannunsa, hannun yana rawa, fuskarsa duk damuwa.

"Malam, dubi abin da na gani a aljihuna. Ba tawa ba ce. Don Allah ka nemi mai ita ka mayar masa, kada in mutu da haƙƙin wani."

Na karɓa na ce to Baba, zan mayar. Ya yi mini godiya, ya sa mini albarka. Ban iya tafiya aiki ba ranar, na zauna tare da shi.

To, masu tambayar ƙasar waje, abin da na gano ke nan. Da yamma ta yi, bayan ya sha maganinsa, ya juyo ya dube ni ya ce, "Tanko ya dawo da battata?" Tana cikin aljihuna a lokacin. Na ce masa tukuna, Baba.